Roƙo ga Mahukuntan Ilimi: Kada Ƙin Jiya Ya Hana Ɗalibi Sauya Jami'a

Zuwa ga mai girma Ministan Ilimi na Tarayya, da Magatakardan hukumar JAMB, da Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, da shugabannin jami'o'inmu tare da majalisun da ke yanke hukunci a cikinsu.

 Ina roƙon ku ara mini kunne kan wata magana da ba kasafai take isowa teburinku ba, domin masu ita ba su da ƙungiya, ba su da kakaki. Ina nufin ɗaliban da suka riga suka shiga jami'a, suka yi shekara ɗaya ko biyu suna karatu, sannan lalura ta sa suke neman komawa wata jami'ar. Wanda ya fi shan wuya a cikinsu shi ne wanda jami'ar da yake son komawa ta taɓa hana shi gurbi tun da fari.

Ni tsohon malamin sakandare ne. Shekara 35 na yi da alli a hannu kafin in ajiye aiki, kuma yaran da na cika wa fom ɗin JAMB, na raka su wurin jarrabawa, ba zan iya ƙirga su ba. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau a cikin gidana ya faru.

Ina da 'yar ƙanwa, marainiya. Mahaifinta ya rasu tana ajin ƙarshe na sakandare, riƙonta ya dawo hannuna. Burinta shi ne ta karanci ilimin harhaɗa magunguna a babbar jami'ar da ke garinmu, wadda daga ƙofar gidanmu kuɗin Keke Napep ɗaya ne. Ta zana JAMB, ta je jarrabawar tantancewa, sunaye suka fito kashi na farko da na biyu da na uku babu nata. Ta haƙura ta zauna gida shekara guda tana bita. Ta sake zanawa, makinta ya ƙaru, aka sake fitar da sunaye babu ita. A wannan karon na ce mata kada mu ƙara asarar shekara. Muka je shagon intanet muka canza zaɓi zuwa wata jami'ar tarayya daga cikin sababbin nan, tafiyar awa bakwai a mota, kuma suka ba ta gurbi a ilimin ƙananan halittu. Ranar da za ta tafi uwarta ta kwana tana kuka, amma ta sa mata albarka.

Yarinyar nan ta yi karatu. Sakamakonta na shekarar farko ya kai 4.41 a kan ma'aunin maki biyar, ba ta da kwas ko ɗaya da ta faɗi. Ana cikin haka, a hutun ƙarshen shekara, uwarta ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ita ce babba a ɗakinsu, ƙannenta uku duk ƙanana ne. Sai ta same ni bayan sallar isha ta ce, "Kawu, ba zan iya barin Umma a haka ba, kuma ba na son in bar karatu. Ka nema mini taransifa in dawo gida, ko da kwas ɗin da nake yi ne, na haƙura da na magungunan."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Kwas ɗin nan akwai shi a jami'ar garinmu, sunansa ɗaya, hukumar da ta amince da shi ɗaya. Na yi sati uku ina zirga-zirga kafin in gano ofishin da ake sayar da fom ɗin, domin babu wata sanarwa a allo ko a shafinsu na intanet, kuma kowane ma'aikaci da na tambaya ofishin wani yake nuna mini. Da na samu fom, sai aka ce sai jami'ar da take ciki ta rubuto takardar saki, ta kuma aiko da cikakken sakamakonta ofis zuwa ofis. Na biya kuɗin, na hau mota sau biyu zuwa can. Takardar da a ƙa'ida aikin yini ɗaya ce ta ɗauki wata huɗu. Ranar da ta iso, wani babban jami'i ya buɗe fayil ɗin, ya duba lambar JAMB ɗinta a kwamfuta, ya ga ta taɓa neman su har sau biyu. Ya rufe fayil ya dube ni ya ce, "Malam, ai wannan mun riga mun ƙi ta. Wanda aka hana shi shiga ta ƙofa ba ya dawowa ta taga."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a wancan lokacin alƙawari kawai take da shi. Yanzu ga aikin hannunta a gabanka." Ya ce shi bai ce a'a ba, za a duba. Har yau ana dubawa.

Ban kawo wannan labari don in kai ƙarar wani ba, shi ya sa ban ambaci sunan makaranta ko na mutum ba. Na tabbata jami'in nan yana ganin mutuncin jami'arsa yake karewa. Tunanin da ke bayan maganarsa shi ne abin da nake roƙon ku gyara, domin ba shi kaɗai ke da shi ba.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin abin da rashin samun gurbi yake nufi a ƙasar nan. A shekarar 2025 kusan yara miliyan biyu ne suka zana jarrabawar JAMB. Jami'o'in da kowa ke rububi, irin su Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da ta Maiduguri, da ta Ilori, da ta Legas, masu nemansu sun ninka abin da za su iya ɗauka sau da yawa. NUC ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin da ɗakunan karatunta da malamanta za su iya riƙewa. Kwasa-kwasan likitanci da magunguna da lauya kuma suna da wani ƙaidin na daban daga majalisun da ke kula da waɗannan sana'o'i. Sannan a jami'o'in tarayya ana raba guraben ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani. Yaro yana iya rasa gurbi da tazarar maki biyu, ko don jiharsa ba ta cikin yankin jami'ar, ko don a shekarar an yi wa kwas ɗin da ya zaɓa yawa. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ɗalibai ya san cewa akasarin waɗanda ake bari a waje sun cika sharaɗi, kujera ce ta ƙare. To ta yaya ƙarewar kujera a bara za ta koma tabo a jikin yaro bana?

Ita kanta jarrabawar, a duba yadda take. Tambaya 180 ce a darussa huɗu, cikin awa biyu, a gaban kwamfuta. Na raka yaran ƙauye da ranar jarrabawar ce ranarsu ta biyu ko ta uku da taɓa linzamin kwamfuta a duniya. Na ga wadda ta shiga da zazzaɓi, na ga wanda ya kwana a tasha saboda an tura shi cibiyar da ke wani gari. Ba ina rage darajar JAMB ba ne. Tun da aka kafa ta a 1978 ta raba mu da zamanin da mutum ɗaya zai riƙe gurbi uku wani ya rasa ko ɗaya, kuma tsarin CAPS da ta fito da shi a 2017 ya rage cuwa-cuwar ɗaukar ɗalibai ƙwarai, duk wanda ya san yadda abin yake a da zai shaida. Amma ma'auni ne na ɗan Adam. A watan Mayun 2025 Farfesa Is-haq Oloyede, Magatakardan JAMB a lokacin, ya fito gaban 'yan jarida, da hawaye a idonsa, ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon yara kusan dubu 380 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Na girmama shi a wannan rana, domin shugabannin da ke amsa kuskure a bainar jama'a ba su da yawa. Darasin da na ɗauka shi ne, idan hukumar da ke riƙe da ma'aunin ta yarda yana iya karkacewa, bai kamata wata jami'a ta riƙe sakamakonsa tamkar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa ba.

Mece ce ma manufar jarrabawar shiga jami'a? Hasashe ne. Ana son a gane ko yaron nan zai iya karatun jami'a idan an ba shi dama. Yaron da ya riga ya yi zango biyu a jami'ar da NUC ta amince da ita, ya zauna a gaban malamai goma sha wani abu, ya yi gwaji, ya shiga ɗakin bincike, ya zana jarrabawa fiye da goma ya ci, ya wuce matakin hasashe. Hausawa suka ce gani ya kori ji. Sakamakon shekara guda gani ne, makin awa biyu kuwa ji ne. Idan aka ajiye na farko aka koma ana tuhumar yaro da na biyu, an juya hujja a kife.

Akwai kuma abin da ya fi ɗaure mini kai. Ƙofar shiga aji biyu a buɗe take tun da daɗewa ga masu shiga kai tsaye. Mai takardar NCE yana shiga, mai difloma yana shiga, wanda ya yi IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, shi ma yana shiga, kuma da yawansu JAMB ce ta hana su gurbi tun farko suka bi ta nan. Ba wanda yake ce musu sun shigo ta taga, kuma daidai ne, domin sun je sun ƙaro hujja. To me ya sa wanda ya ƙaro tasa hujjar a cikin jami'a sukutum, a kan kwas ɗin da yake nema ɗin, zai fi su shan wahala? Su suna da fom sananne, da lokaci sananne, da shafin da za su duba sunansu. Shi kuwa sai dai ya bi ofis-ofis yana neman wanda ya san wani.

Ba na cewa babu hanyar sauya jami'a a Nijeriya. Akwai ta a rubuce, cikin kundin dokokin kusan kowace jami'a: ɗalibi ya kai wani matakin maki, ya kasance ba korarsa aka yi ba, jami'arsa ta sake shi, wadda zai koma tana da gurbi, kuma ya yi aƙalla shekara biyu a can kafin a ba shi digiri. Sharuɗɗan nan ba su da laifi. Matsalar ita ce babu wanda ya san gurbi nawa ne ake da su a kowane sashe, ko ranar da ake buɗe nema da ranar rufewa, ko mutum nawa suka nema, ko abin da ya sa aka ɗauki wannan aka bar wancan. Kuɗin fom kowace jami'a da nata. Takardar sakamako, wadda ɗalibai ke kira tiranskirif, ita ce babban ramin da ake faɗawa. Tsofaffin ɗalibai masu neman ƙarin karatu a waje ma kuka suke da ita, balle ɗan aji ɗaya da ba shi da kowa. Ga kuma kalandar karatu da ta watse. Tun bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020, da na 2022 wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, jami'o'inmu ba sa tafiya tare. Wata tana zangon farko wata tana jarrabawar ƙarshe. Kafin takarda ta fito daga nan, can an rufe rajista.

Abin da yara suke yi idan sun gaji shi ne su sake sayen fom ɗin JAMB a ɓoye, su zana, in sun dace su watsar da shekara ɗaya ko biyu da suka yi su koma aji ɗaya. Ina roƙon ku lissafa asarar da ke cikin wannan. Kujerar da yaron ya bari a tsohuwar jami'arsa ta tafi a banza har ajin ya kammala, domin ba a cike ta. Kujerar da ya karɓa a sabuwar kuma ta wani ƙaninsa ce da ya gama sakandare bana. Yaro ɗaya ya ci gurbi biyu a ƙasar da gurbi ke wuya, kuma ba laifinsa ba ne, hanyar da aka bar masa ke nan. Shi kansa ya yi asarar kuɗin rajista da na haya da na mota, ga shekaru suna tafiya. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa, kuma ma'aikatu da bankuna da dama suna sa iyakar shekaru a tallar ɗaukar aiki. Ɗan talakan da ya yi shekara biyu yana jiran gurbi, ya yi biyu a jami'ar da zai bari, yajin aiki ya ci masa ɗaya, ku duba shekarunsa ranar da zai riƙe takardarsa.

Wannan ga namiji ke nan. Ga 'ya mace a Arewa lissafin ya fi haka tsanani, kuma a nan ne zuciyata ta fi karaya. Uban da ya amince 'yarsa ta tafi garin da ba shi da kowa ya yi ƙoƙari, sau da yawa ya yi ne bayan ya sha surutun dangi. Idan wani abu ya faru, rashin lafiya ko mutuwa ko tsoron hanya, ba zai tsaya dogon lissafi ba, cewa zai yi ta dawo gida. Kuma tsoron nan ba na banza ba ne. A watan Satumban 2023 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai, yawancinsu mata, daga gidajen hayarsu a kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ba a yi sati biyu ba aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Kowane uba da ke da 'ya a nesa ya kwana da waɗannan labarai a ransa. Ga aure kuma: yarinya tana aji biyu a Sakkwato a ɗaura mata aure da mai aiki a Bauci, shi ke nan an sa ta zaɓi tsakanin ɗakinta da karatunta, alhali kwas ɗin nata yana nan a garin mijin. A shekarun da na yi ina koyarwa na ga 'yan mata masu kaifin ƙwaƙwalwa da karatunsu ya mutu a daidai wannan gaɓa. Ba jarrabawa ce ta kayar da su ba. Muna ta kiran a ba 'ya mace ilimi, muna neman likitoci mata da malamai mata a asibitocinmu da makarantunmu, amma wadda ta riga ta shiga muna barin ta zube saboda takarda ɗaya.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama wani abu dabam, jami'o'i da yawa kuma sun ƙara kuɗin rajista a wannan shekarar. Akwai iyayen da suka kai 'ya'yansu jami'o'i masu zaman kansu lokacin da hannu ke da maiƙo, yanzu kasuwa ta karye. Su ma ƙofar nan suke ƙwanƙwasawa.

Na san akwai abin da kuke tsoro, kuma ba zan yi kamar ban gan shi ba. Idan aka saki ƙofar nan sakaka, mai kuɗi zai kai ɗansa inda ake sayar da maki, ya yi shekara guda, ya dawo da sakamakon ƙarya ya karɓe kujerar likitanci. Mun ga abin da ɗan jarida Umar Audu ya bankaɗo a ƙarshen 2023, lokacin da ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin sati shida, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024. Akwai kuma tsoron kada ƙananan jami'o'i su zama zango kawai, su raini ɗalibi shekara guda manya su ɗauke. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai ina ganin duhun da ake ciki yanzu shi ne ya fi yi wa mai kuɗi da mai hanya daɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsarin da babu sanarwa, babu adadi, babu dalili a rubuce, tsagaggen bango ne. Ɗan babban mutum ba ya wata huɗu yana jiran tiranskirif, waya ɗaya ake bugawa. Wanda rufin ƙofar ke hanawa shi ne maraya da ɗan manomi. Game da ƙananan jami'o'i kuwa, a ƙayyade adadin da za a iya saki daga kowane sashe a shekara, kuma a tuna cewa hanyar tana da zuwa tana da dawowa: akwai ɗan Gashuwa ko ɗan Birnin Kebbi da ke karatu a nesa yana marmarin komawa jami'ar garinsu.

Kuma kun taɓa nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, dubban 'ya'yanmu da ke karatu a Khartum suka tsere, wasu suka yi kwanaki a iyakar Masar kafin a kwaso su a jirgi. JAMB ta fitar da hanya a rubuce ta yadda jami'o'in gida za su karɓe su su ci gaba daga inda suka tsaya, kamar yadda aka yi ƙoƙarin yi wa waɗanda suka dawo daga Yukiren. Allah Ya saka da alheri. Idan an iya auna karatun da aka yi a Khartum, da wata manhaja, wani lokaci da wani harshe, auna wanda aka yi a Kashere ko Lafiya ba zai gagara ba. Balle yanzu da NUC ta fito da sabuwar manhajar bai-ɗaya a watan Disamban 2022, wadda ta sa kashi 70 cikin ɗari na abin da ake koyarwa a kowane kwas iri ɗaya ne a duk jami'o'in ƙasar, kashi 30 kawai aka bar wa kowace ta tsara nata. Aikin da ya fi wuya kun riga kun yi shi. A wasu ƙasashen wannan ba abin roƙo ba ne. Ƙasashen Turai suna da ma'aunin darussa guda, maki 60 a shekara, wanda ɗalibi ke ɗauka daga wannan jami'a zuwa waccan. A jihar Kalifoniya ta Amurka, tun tsarin da suka yi a 1960, wanda bai samu babbar jami'a ba yana shiga ƙaramar kwaleji ya yi shekara biyu, in ya yi ƙoƙari ya wuce, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu kammala jami'ar jihar ta nan suka biyo.

Saboda haka ga roƙona, ranku ya daɗe. Ina roƙon mai girma Minista ya sa a fitar da ƙa'ida guda ta ƙasa, a rubuce, wadda za ta ce ƙarara: rashin samun gurbi a wata jami'a a baya ba dalili ba ne na ƙin karɓar ɗalibin da ke neman komawa cikinta. A auna shi da sakamakonsa na jami'a da takardarsa ta sakandare. Idan sashen yana shakkar makin da ya zo da shi, a yi masa gwaji a kan darussan aji ɗaya na kwas ɗin, shi da duk masu nema, a liƙa sakamako kowa ya gani. Yaron kirki ba ya tsoron gwaji, rashin amsa ne ke kashe shi.

Ga JAMB kuma, kayan aikin suna hannunku. Yadda CAPS ke nuna wa ɗan aji ɗaya matsayinsa, haka za ta iya nuna guraben da suka buɗe a aji biyu da aji uku, domin kowace shekara ana samun waɗanda suka faɗi, da waɗanda suka bari, da waɗanda Allah Ya yi wa rasuwa. Kowace jami'a ta bayyana nata adadin sashe-sashe, a buɗe nema na wani ƙayyadadden lokaci sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kuɗin ya zama ɗaya kuma daidai aljihun talaka. Wanda aka ƙi a rubuta masa dalili, ko da layi ɗaya ne. Wanda aka karɓa kuma a gyara sunansa a kundin ɗalibai na ƙasa nan take, kada sai ya gama karatu ya je neman bautar ƙasa a ce sunansa yana wata makaranta.

Maganar tiranskirif ina roƙon NUC ta ɗauke ta da zafi. A sa wa'adi, sati biyu ko uku, a riƙa aikawa ta intanet daga magatakarda zuwa magatakarda, jami'ar da ta saɓa kuma a tambaye ta dalili lokacin da aka zo tantance kwasa-kwasanta. Kada jami'a ta riƙe ɗalibin da ba ta bin sa bashi, ba ya kuma gaban kwamitin ladabtarwa. Darasin da ya ci a can, in yana cikin kashi 70 ɗin nan, kada a sa shi ya maimaita. Sannan a ware wani kaso na guraben domin masu lalura ta gaskiya da za a iya tabbatarwa: rashin lafiya, mutuwar mai ɗaukar nauyi, aure, naƙasa, da waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da aka kafa dokarsa a 2024, da hukumomin tallafin karatu na jihohi, su ma a umarce su kuɗin ya bi ɗalibi duk inda ya koma.

Ku kuma shugabannin jami'o'i, iyayenmu malamai, na san 'yancin majalisarku na zaɓen wanda za ta koyar abu ne da kuke kishi, kuma ba na neman a taɓa shi. Ku ne za ku zaɓa. Abin da nake roƙo shi ne ku zaɓa da rana tsaka, bisa ma'aunin da kuka sanar tun kafin a fara. Da yawanku 'ya'yan talakawa ne da wani ya buɗe wa ƙofa a lokacin da ba ku da kowa, kuma na san ba ku manta ba.

'Yar ƙanwata tana gida yanzu. Ta rubuta wa jami'arta ta jingine karatu na shekara guda, kuma wa'adin yana ƙarewa a ƙarshen wannan zangon. Da safe tana yi wa uwarta wanka ta ba ta magani, da daddare ina ganin fitilar ɗakinta a kunne tana bitar littattafan aji biyu da ta aro. Dangin mahaifinta sun turo mini sau biyu kan maganar aure, na ce su ƙara mini lokaci. Fayil ɗinta yana kan tebur a wani ofis, tafiyar minti ashirin daga inda take kwana. Ina roƙonku, don girman Allah, ku sa a buɗe shi, da na duk yaran da ke jira irin nata jiran, a auna su da abin da suka yi, a ba su amsa kafin shekarar karatu ta sake wucewa.